Sarkin Kakin Zuma

"Ki tsaya mana, Sibylle! Haba, sai ka ce 'yar yaye? Ta ina zan ɗaure miki rigar nan kina ta mutsu-mutsu?"

Tsohuwa Perrine ce ke faɗa. Ita ta yi goyon Gimbiya Sibylle, ita ta biyo ta gidan miji shekara bakwai da suka wuce, don haka a duk gidan sarautar Orvel ita kaɗai ke kiran sunan matar Yarima gatsal ba mai ce mata kanzil.

"Inna Perrine, ni fa ba na son sauka yau. Jiya da nake zuba masa ruwa, na rantse sai na ga kamar yatsansa ya motsa."

"Kakin zuma ne, 'yar nan! Kaki da katako da ciyawa. Zafi ne ke sa shi laushi." Ta faɗi haka da ƙarfinta, amma sai da ta yi alamar gicciye a ƙirji. "Saura kwana nawa?"

"Ashirin da ɗaya."

Kwana goma sha tara ke nan da rasuwar Sarki Gauthier. To, mu a wurinmu sarki bai mutu ba sai ranar da aka binne shi. Gawar tana can ƙarƙashin coci cikin akwatin dalma, shi kuwa mutum-mutuminsa yana zaune a babban zaure da rigar sarauta da kambi, an dasa masa ainihin gashin mamacin da gemunsa. Kwana arba'in ana kai masa abinci safe da rana kamar mai rai. Kuma tunda sarki biyu ba sa zama gida ɗaya, dole magaji ya ɓace wa idon mutane. Yarima Amaury yana can hayin kogi a gidan farauta, ba ya aike, ba a aika masa. Hatimin sarauta kuwa yana hannun mahaifiyarsa, Mai Babban Ɗaki Bertrade, har sai an kai tsoho makwancinsa.

Auren Sibylle da Amaury na sarauta ne, an ɗaura shi ba su taɓa ganin juna ba, sai wani zane da aka aika masa wanda mai zanen ya ƙara mata tsawon hanci. Har yau yakan tsokane ta wai an cuce shi, a biya shi ragowar hancinsa. Amma Allah ya haɗa jininsu, irin haɗawar da har barori ke gulma. Abu ɗaya ne ya hana su sakewa: 'ya ɗaya suka haifa, Alix, kuma a dokar ƙasar mace ba ta gadon sarauta.

Ranar da zai tafi ya riƙe hannunta a bakin ƙofa ya ce, "Ki yi haƙuri da Mama. 'Ya'ya maza uku ta binne, ni kaɗai na rage mata. Tsoro ne ke sa ta zafi."

Ƙararrawar rana ta buga, Sibylle ta sauka.

An rufe tagogin zauren da baƙin ƙyalle, kyandir ɗari na ci da rana tsaka, ga zafin bazara, ga warin kaki da turare ya cika wurin har yana hawa kai. Sanƙira ya buga sanda ya ce, "Abincin Sarki!" Barori suka shigo a jere suna rusunawa: gasasshen naman barewa, miyar albasa, farin burodi. Mai ɗanɗano ya ɗanɗana kowanne don kada a sa wa Sarki guba. Guba fa! Ga wanda ya kwana goma sha tara a akwati! Amma ba wanda ya yi ko murmushi.

Aikin Sibylle shi ne wanke hannu. Ta durƙusa, ta zuba ruwa a kan yatsun kakin, ta goge da farin ƙyalle, idonta a ƙasa. Tun ranar farko ba ta taɓa yarda ta kalli fuskar ba. Hannun da ɗumi, zafin kyandir ya ratsa shi, sai tsigar jikinta ta tashi.

Mai Babban Ɗaki tana zaune a damarsa, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa. "Ka ɗan taɓa naman mana, ranka ya daɗe, irin wanda kake so ne." Kuka ya riga ya cinye mata rabin gani, amma harshenta bai rage komai ba. Da aka kwashe kwanuka aka kai wa talakawa a ƙofa, ta ɗaga hannu kowa ya fita.

"Ke tsaya. Sarki na da magana da ke."

"Ranki ya daɗe."

Ta shimfiɗa wata doguwar takarda a kan teburin, an zana bishiyar dangi da jan tawada. "Malaman coci sun bincika. Kakarki da kakan Amaury 'ya'yan wa da ƙani ne. Aurenku bai ɗauru ba tun asali."

Sibylle ta sunkuya ta dubi takardar. A addininmu babu saki, kowa ya sani, amma idan aka samo dangantakar jini sai a ce auren ma ba a taɓa yin sa ba.

"Ranki ya daɗe, kakata daga bakin teku take, ko sunan Orvel ba ta taɓa ji ba..."

"Ina magana kina magana? Abin da ake so kawai ki ɗora hannunki a kan na Sarki, gaban bishop, babban limamin coci, ki rantse kin san da dangantakar. Sai a kai ki gidan mata masu zuhudu, a kula da ke. Akwai 'yar sarkin Brenne, gidansu maza ake haifa kamar kaji."

"Alix fa?"

"Ba za ta rasa abinci ba."

"Shegiya za a kira ta!" Hawaye suka ɓalle mata. "Amaury ba zai taɓa yarda ba. Ba zai yarda ba!"

Tsohuwar ta buɗe tafin hannunta, sai ga zoben aurensa, mai ɗan koren dutse, wanda bai taɓa cirewa ba ko a wanka.

"Ya aiko da shi. Shi ma ya gaji, kunyarki kawai yake ji. Ranar talatin da tara bishop zai zo."

Sibylle ba ta san yadda ta hau bene ba. Kwana shida tana kuka, tana sauka tana wanke hannun kaki, tana komawa tana kuka. Perrine ta yi rarrashin har ta gaji ta koma faɗa. "In da gaske ya yarda, me ake gaggawa? Ba sai a jira ya dawo ya faɗa miki da bakinsa ba? Ki yi tunani mana!" Sibylle ta ji maganar, amma da ta tuna zoben sai jikinta ya sake yin sanyi.

A kwana na ashirin da biyar Mai Babban Ɗaki ta ce a kawo Alix ta gaida kakanta, wai ya ga abin da aka tanadar wa ƙasarsa. Yarinyar shekararta biyar. Ta shigo tana riƙe da rigar uwarta, tana zare ido cikin duhun nan. Can sai ta saki rigar, ta ruga da gudu ta rungume gwiwar mutum-mutumin.

"Baba! Baba ya dawo!"

Wani bara ya saki cokali.

"Mama, me ya sa Baba ya sa gemun Kaka? Me ya sa ba ya kallona?"

"Ku fitar min da ita!" in ji Mai Babban Ɗaki. "Shirmen yara. Ɗa ai dole ya yi kama da ubansa. Gaspard mai kaki ya iya aiki, ya dawo min da shi kamar ranar aurenmu."

A ranar ce Sibylle ta ɗaga kai ta kalli fuskar. Zafi ya sa gashin goshin ya ɗan zame gefe. A saman girar hagu akwai ɗan tabo, siriri, mai lanƙwasa. Ta san tabon nan, ta sha shafa shi da yatsa. Sarki Gauthier bai taɓa yin tabo a goshi ba. Ta dubi hannun da take wankewa kwana ashirin da biyar, ta ga ɗan yatsan da ya karkace, na mijinta.

Butar ta kusa kuɓuce mata. Mu nan ba a ɗaukar fuskar kaki sai daga gawa. Ga zobe an ciro daga yatsansa, ga fuskarsa a kan teburin matattu, ga shi ba wanda ya gan shi tun ranar da ya haye kogi. Wayyo Allah! Ashe takaba take yi ba ta sani ba?

Ana tashi daga abinci ta ja mayafi, Perrine na binta tana haki, suka bi ta bayan coci zuwa shagon Gaspard mai aikin kaki. Rana tsaka ce, amma shagon duhu. Daga rufi an rataye hannaye da ƙafafu da zukata da jarirai na kaki, irin waɗanda marasa lafiya ke saye su kai coci don neman sauƙi. Iskar da ta biyo su ta ƙofa ta sa duk suka shiga lilo a hankali.

Dattijon na ganinta ya zube ƙasa.

"Gaspard, kada ka ɓoye min. Daga fuskar wa ka ɗauki ta Sarki?"

"Ranki ya daɗe, ki rufa min asiri, ina da jikoki..."

"Ya mutu?" in ji Sibylle. "Ka faɗa min kawai, mijina ya mutu?"

"Mutuwa? Allah ya kiyaye! Da ƙafarsa ya shigo nan, da ƙafarsa ya fita, har yana yi min tsiya wai yumɓuna na warin akuya!"

Sibylle ta zame ta zauna a kan wani buhu. Perrine ta ce, "To yi bayani, tsohon banza, ka kusa kashe min yarinya!"

Gaspard ya share gumi. Ashe ciwon da ya kashe Sarki ya kumbura masa fuska har ba a gane shi. Sau uku yana ɗora yumɓu, sau uku abin da ke fitowa ba ya kalluwa. Yana zaune yana tunanin ranar da za a yanke masa hannu, sai ga Yarima ya shigo shi kaɗai, a safiyar da zai tafi.

"Ya duba abin da na yi, ya ce, 'Mahaifiyata ba za ta zauna kwana arba'in tana kallon wannan ba. Ɗauki tawa, ka ƙara mata shekaru.' Na ce ranka ya daɗe, ba a yi wa mai rai, mugun abu ne. Ya ce in rufe masa baki. A kan bencin can ya kwanta, na sa masa kara biyu a hanci yana numfashi, na rufe fuskar ruf."

"Hannayen fa?"

"Su ai na Sarki ba abin da ya same su, da na ɗauka. Shi ya hana. Ya ce, 'Sibylle ce za ta riƙa wanke su kullum, kuma matsoraciya ce ta ƙarshe. Gara ta riƙa kama nawa.'"

Sibylle ta rufe fuska da mayafi, kuka da dariya suka haɗe mata.

"Zoben kuma," in ji Gaspard, "cire shi ya yi kafin ya sa hannu a yumɓu. Aka buga ƙararrawar fita, ya tashi a gurguje ya manta shi. Na ji tsoron a ce na sata, sai na kai wa Mai Babban Ɗaki na ce a ɗakin marigayi na tsinta."

A hanya Perrine sai tafasa take yi. "Kin gani ko? Ƙarya ta shirga miki, da furfurarta! Ranar da bishop ya zo ki tona ta gaban kowa, ta ji yadda ake ji!"

"Uwarsa ce, Inna."

"Uwarsa ce ta so mayar da 'yarki shegiya!"

"Na sani. Amma mutumin da ya kwanta aka rufe masa fuska kamar gawa don kada ranta ya ɓaci, ni ce zan wulaƙanta masa ita? Ba da ni ba."

Sauran kwanakin ta sauka ba fashi. Mai Babban Ɗaki ta yi habaicin, ta yi gorin haihuwar, ta hana ta zama a kujera, Sibylle sai dai ta ce, "Allah ya huci zuciyarki." Fuskar kuwa kullum ƙara laushi take yi, kumatun suna saukowa, wani maiƙo yana gangarowa daga idanun. Barori suka fara raɗa wai Sarki kuka yake yi, biyu ma suka gudu. Ita dai takan wanke hannun a hankali, ta ɗan jima tana gogewa.

Ranar talatin da tara zauren ya cika da hakimai. Bishop ya tsaya da Littafi Mai Tsarki, takardar dangi a shimfiɗe kusa da kwanon miya.

"'Yata, ɗora hannunki a kan na Sarki, ki faɗi abin da kika sani."

Ta ɗora.

"Na rantse da Allah, ban san wata dangantaka tsakanina da Amaury ba sai ta aure. Matarsa ce ni, Alix 'yarsa ce ta halal, kuma ba zan bar gidansa ba sai in shi ya kore ni da bakinsa."

Zauren ya ɗauki guna-guni. Mai Babban Ɗaki ta miƙe tsaye. "Ni za ki kunyata? Gaban Sarki? Ke har kin isa—"

Sibylle ta durƙusa a gabanta, ta kama gefen rigarta, ta yi magana yadda ba mai ji sai ita.

"Mama." Ba ta taɓa kiranta haka ba. "Don Allah ki ɗaga gashin goshinsa, wajen hagu. Ki taɓa da hannunki."

"Wane irin rainin hankali ne wannan?"

"Ki taɓa kawai, Mama."

Tsohuwar ta harare ta, sannan ta miƙa yatsu ta tura gashin. Yatsan ya tsaya a kan tabon. Ya bi lanƙwasar a hankali, ya sake bi. Ita da kanta ta ɗinke wurin nan, yana ɗan shekara shida, ranar da doki ya kayar da shi.

"Amaury..." Sai ta ƙwalla ƙara har kyandirori suka kaɗa. "Ɗana! Me kuka yi wa ɗana?"

"Yana raye, Mama, lafiyarsa ƙalau! Ciwo ya ɓata fuskar marigayi, shi ne ya ba da tasa don kada ki gani ki ƙara shiga wani hali."

"Kwana talatin da tara... ina zaune ina ba ɗana abincin matattu?" Ta kama kan da hannu biyu. "Gobe a ɗora wannan a kan akwati a shiga da shi kabari? A'a! Uku na ba kabarin nan, ba zan ba shi ko inuwar na huɗu ba! Ku cire! Ku cire masa ita yanzu!"

Ta sulale ƙasa, Sibylle ta tare ta a ƙirjinta. Bishop ya yi gyaran murya, duk ya rikice. "Ranki ya daɗe, amma kin ce Yarima ya amince, har kin nuna min zobensa shaida..."

Hakimai suka zuba ido. Perrine daga bakin ƙofa har tana ɗaga dunduniya.

"Mantawa ya yi da shi ranar tafiya," in ji Sibylle. "Mama ce ta adana masa."

Mai Babban Ɗaki ta ɗago ta dube ta, ta daɗe tana dubanta da idanun nan da suka kusa mutuwa. Sai ta fashe da kuka irin na yara.

"Ƙarya na yi. Bai aiko da komai ba. Takardar nan ma ni na sa aka rubuta, babu wata dangantaka. Tsoro nake ji gidan nan ya ƙare a kaina... Ke kuwa wace irin yarinya ce? Na so raba ki da mijinki, kina rufa min asiri?"

"Ke kika haifa min shi, Mama."

Washegari aka kai Sarki Gauthier makwancinsa, an lulluɓe wurin fuskar mutum-mutumin da baƙin alharini. Babban dogari ya karya sandarsa ya jefa cikin ramin, aka buga ƙararrawa, kafin azahar kwale-kwale ya hayo da sabon Sarki. Ya gaida hakimai a gurguje, ya faɗi gaban uwarsa, ita kuwa sai shafa fuskarsa take yi tana kuka tana neman gafara, shi bai ma san laifin ba tukuna. Da ya juyo wajen matarsa ya ga yadda ta rame, ya ce, "Subhana! Wa ya cinye min ke?"

"Kai ne! Mutum ya ba da fuskarsa ba zai gaya wa matarsa ba? Saura kaɗan in haukace!"

"Ai na ɗauka daɗi za ki ji."

"Daɗi? Allah ya shirye ka, Amaury!" Ta faɗa jikinsa gaban kowa, ko kunyar bishop ba ta ji ba.

Allah bai ba su ɗa namiji ba, har suka tsufa. Amma a bazarar da ta biyo, Mai Babban Ɗaki Bertrade, da makantarta da ciwon gwiwarta, ta sa aka ɗora ta a kan alfadari, ta bi hakiman Orvel goma sha ɗaya gida-gida. Wanda ya yi gardama ta zauna masa a zaure ta ce ba ta tashi, ba ta kuma cin abincinsa. Ba ta dawo ba sai da kowannensu ya rantse zai yi wa Alix mubaya'a. Ranar da ta iso, Sibylle ce ta sauke ta daga kan dabbar, ta wanke mata ƙafafun da suka kumbura.

'Yan'uwana mata, ku duba nan. Da Sibylle ta yarda da maganar da aka kawo mata a bayan idon mijinta, da ta rushe gidanta da hannunta. Da kuma ta rama ranar da dama ta zo mata, da ta tsira da mijin amma ta kashe masa uwa da ranta. Haƙuri ta yi, ta bincika, ta tsaya a kan gaskiyarta ba tare da ta ci mutuncin babba ba. Shi ya sa matar da ta fi kowa son korarta ita ce ta hau alfadari ta nemo wa 'yarta sarauta.